Ƙwayoyin Ciwon Suga: Yadda Suke Aiki, da Yadda Za Mu Hana Su Yankewa

'Yan uwa, da wuya a zauna taron ƙungiya a rasa wadda ciwon suga ya shafa. In ba ita ke da shi ba, to maigidanta ne, ko mahaifiyarta, ko surukar da take dafa wa abinci. Da yawa daga cikinsu an riga an kai su asibiti, an auna jini, an rubuta musu ƙwaya. Matsalar takan fara ne bayan an dawo gida. A sha wata ɗaya, jiki ya yi daɗi, a ajiye. Ko kuɗi ya ƙare a tsakiyar wata, a ce bari a jira ranar kasuwa. Ko maƙwabciya ta ce ai nata ya fi ƙarfi, ga guda biyu ki gwada. Wannan darasi a kan waɗannan ƙwayoyi yake, domin duk wadda ta san abin da suke yi a jiki ba za ta yi wasa da su ba.

Me ke faruwa a cikin jiki?

Tuwo, shinkafa, fura, kunu, rogo, dankali, burodi, duk idan suka shiga ciki jiki yana narkar da su su zama suga, sugan ya shiga jini. Wannan ba laifi ba ne, da shi muke samun ƙarfin daka da ɗiban ruwa. Amma sugan ba ya iya barin jini ya shiga tsoka shi kaɗai, sai wani sinadari mai suna insulin ya buɗe masa hanya. Wata gaɓa ce da ke kwance a bayan tumbi take yin insulin ɗin, likitoci na ce mata fankiriyas.

A yawancin manya masu wannan ciwo, jiki yana yin insulin, sai dai ko bai isa ba, ko kuma tsoka ta daina jin maganarsa yadda ya kamata. Sai suga ya taru a jini, jiki kuma yana jin yunwa. Daga nan ne ake samun yawan fitsari, musamman da dare, da ƙishirwar da ba ta ƙarewa, da kasala, da rama, da ƙaiƙayin gaba mai tafiya yana dawowa. Wannan shi ake kira nau'i na 2, kuma shi ne ƙwayoyi suke yi wa aiki. Akwai nau'i na 1, wanda ya fi kama yara da matasa, inda jiki ya daina yin insulin. Wannan kam allura ce kawai maganinsa, ƙwaya ba ta riƙe shi.

Idan aka auna jini da safe kafin a ci komai aka ga 126 ko sama da haka, aka sake aunawa wata rana aka ga hakan, to ciwon ya tabbata. Wasu na'urorin da wani ma'auni suke aiki, a wurinsu 7 daidai yake da 126. Saboda haka kada ki tsorata in kin ji wata ta ce nata 8 ne, ke kuma an ce miki 140. Kusan abu ɗaya ne.

Metformin

Ƙwayar da aka fi fara bai wa mutum ita ce metformin. Ki duba jikin kwalin, za ki ga sunan, kusa da shi kuma lamba: 500, ko 850, ko 1000. Lambar ita ce ƙarfin ƙwayar. Tsohon magani ne. Wani likita ɗan Faransa mai suna Jean Sterne ne ya fara bai wa masu ciwon suga ita a 1957, kuma har yau tana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Asalin binciken ma daga wani tsiro na ƙasashen Turai ya samo tushe, sai dai an tace an auna, an san iyakar abin da ke cikin kowace ƙwaya.

Aikinta mafi girma a hanta yake. Hanta kamar rumbu ce, tana ajiye suga tana sakinsa cikin jini idan mutum bai ci abinci ba. Ta mai ciwon suga takan yi ta saki ko ba a buƙata, har cikin dare. Shi ya sa za ki kwana ba ki ci komai ba, da safe a auna a ga suga ya hau. Metformin tana rage wannan sakin, tana kuma taimaka wa tsoka ta ji maganar insulin. Abin da ya sa likitoci suke son ta shi ne, idan ita kaɗai ake sha, da wuya ta faɗar da suga ƙasa fiye da kima, kuma ba ta ƙara ƙiba.

Inda take ba mutane wahala shi ne ciki. A makonnin farko wata za ta ji tashin zuciya, ko kumburin ciki, ko gudawa, ko ɗanɗanon ƙarfe a baki. A nan ne mata da yawa suke cewa maganin bai karɓe su ba, su jefar. Alhali yawanci abin yana lafawa da kansa. Dabarar ita ce a sha ta tare da abinci, a tsakiyar ci ko da an gama, kada a sha da cikin yunwa. Shi ya sa ma likita yakan fara da ƙarama, ya ƙara a hankali. Idan an yi makonni abin bai lafa ba, a koma a faɗa masa, akwai wata irin metformin mai narkewa sannu a hankali wadda ta fi sauƙi a ciki.

Ƙoda ce ke fitar da metformin daga jiki. Don haka mai shan ta na buƙatar gwajin ƙoda, aƙalla sau ɗaya a shekara. Kuma idan aka kamu da amai da gudawa mai tsanani, ko zazzaɓin da ya hana ci da sha har jiki ya bushe, a dakatar da ita a nemi ma'aikacin lafiya a ranar, shi zai faɗi lokacin da za a ci gaba. Wadda ta yi shekaru tana sha, jikinta na iya ƙarancin bitamin B12, wanda ke kawo ƙarancin jini da jin ƙafa kamar ana tsira allura. A gaya wa likita in an ji haka.

Ƙwayar da ba a sha sai da abinci a gaba

Akwai wani gida na daban: glibenclamide, wadda mutane da yawa suka fi sani da sunan Daonil, da gliclazide, da glimepiride. Waɗannan matsa wa fankiriyas suke yi ta fitar da ƙarin insulin. Suna da ƙarfi, suna sauke suga da sauri, kuma a nan haɗarinsu yake. Ƙwayar ba ta san ko kin ci abinci ko ba ki ci ba. Da zarar kin haɗiye ta, aikinta za ta yi. Idan kin sha da safe, kika fita gona ko kika tafi kasuwa da niyyar sai kin sayar za ki karya, to tana can tana janye sugan da ke jininki, babu wani na shigowa.

Saboda haka ƙa'idar wannan gida ita ce: abinci ya kasance a gabanki kafin ki sha. In ranar babu abinci, ko ba ki iya ci, kada ki sha wannan ƙwaya. Kuma bayan kin sha, kada ki tsallake abincin rana.

Faɗuwar suga ita ce idan awo ya sauka ƙasa da 70, ko ƙasa da 4 a ɗaya ma'aunin. Amma a ƙauye ba kullum ake da na'ura ba, don haka alamu za a riƙe: rawar jiki, gumi mai sanyi ko ba zafi ake yi ba, yunwa ta farat ɗaya, bugun zuciya, jiri, gani dishi-dishi. In abin ya yi nisa, mutum ya fara faɗa ba dalili, ko surutai marasa kan gado, ko ya zuba ido bai gane mutane ba, daga nan sai farfaɗiya ko suma. Ku lura da wannan sosai, domin a nan ake yin kuskuren da ke kashe mutane. Ana ganin baba ta rikice sai a ce iska ce ta buge ta, a tafi neman mai ruƙiyya ko a kunna turare, alhali cokali uku na suga take buƙata. Addu'a ba ta hana a ba ta suga. Duk mai shan ƙwayar ciwon suga da ya rikice ba zato, a fara ɗauka sugansa ne ya faɗi.

Idan tana iya haɗiya, a dama ƙaramin cokali uku ko huɗu na suga a rabin kofin ruwa ta sha, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi. A jira minti 15. In ba ta dawo daidai ba a sake. Da ta warware a ba ta abinci mai riƙe ciki, tuwo ko shinkafa da wake. Wata za ta ce, yaya za a ba mai ciwon suga suga? A wannan lokacin shi ne magani. Idan kuwa ta suma, kada a ɗura mata komai a baki, zai iya bi ta hanyar numfashi. A kwantar da ita ta gefe, a nemi mota ko babur zuwa asibiti, a tafi da kwalin maganin don su ga abin da ta sha.

Glibenclamide tana daɗewa a jiki, don haka suga na iya sake faɗuwa bayan awanni, har cikin dare. Wadda ta samu faɗuwa mai tsanani a kanta, ko ta farfaɗo a gida, a kai ta asibiti. Tsofaffi da masu matsalar ƙoda sun fi shiga wannan haɗari, shi ya sa ga wanda ya kai shekara 60 aka fi son gliclazide. In mahaifiyarki tsohuwa ce kuma glibenclamide take sha, ba laifi ki tambayi likita ko akwai wadda ta fi dacewa da ita. Mai shan irin wannan ƙwaya ta riƙa ƙulla 'yar suga ko alawa a bakin zane duk inda za ta.

Akwai wasu sababbin ƙwayoyi, wasu ma ta fitsari suke fitar da suga, amma suna da tsada kuma ba ko'ina ake samunsu ba. Biyun nan da muka yi bayani su ne za ku fi haɗuwa da su, wani lokaci a haɗe cikin ƙwaya ɗaya.

"Ai na warke"

Ƙwaya ba ta cire ciwon suga daga jiki. Riƙe shi take yi, kuma a ranar da aka sha ta kaɗai take riƙewa. Idan fitsarin dare ya ragu, ƙarfi ya dawo, aka auna aka ga 110, ma'anarsa maganin yana aiki. Ki ajiye shi mako biyu, sugan zai koma inda yake. Mugun abin shi ne ba lallai ki ji komai ba. Suga na iya hawa shekara da shekaru mutum yana harkokinsa, alhali yana cin ƙananan jijiyoyin ido da na ƙoda da na ƙafa a ɓoye. Ranar da za a ji, gani ya riga ya ragu, ko ƙaya ta soki ƙafa ba a ji ba har ta zama gyambon da ya ƙi warkewa, ko ɓarin jiki ya shanye. Kuɗin jinyar gyambo ɗaya a asibitin birni, da na mota, da na mai jinya, da sana'ar da ta tsaya, ya ninka kuɗin ƙwayar wata da wata nesa ba kusa ba.

Ciwon yana kuma canzawa da shekaru. Ƙwayar da ta ishe ki bara tana iya kasawa baɗi, a ƙara miki ta biyu, wata rana ma a ce sai allurar insulin. Mutane suna tsoron wannan, suna cewa wanda aka fara yi wa allura ya kusa tafiya. Ba haka ba ne. Akwai masu shekaru da yawa a kan allura suna noma suna kasuwanci. Jinkirin karɓarta ne ke cutarwa.

In kin manta ba ki sha ba, har lokacin na gaba ya zo, ki sha na lokacin kawai, kada ki haɗa biyu. Kuma kada ki karɓi ta wani, kada ki ba wani taki, ko da maigida ne kuma ciwonku ɗaya. An duba ƙodarki da shekarunki da awonki ne kafin a rubuta miki. A ajiye magani inda rana da zafin murhu ba sa kaiwa, a sama inda hannun yaro ba zai kai ba. Ƙwayar glibenclamide guda ɗaya tak tana iya sumar da ƙaramin yaro. In yaro ya haɗiya, a kai shi asibiti nan take ko da yana wasansa.

Maganar sassaƙe da ganye kuwa, zogale da shuwaka a miya abinci ne mai kyau, ku ci. Amma ba sa maye gurbin ƙwaya. Wanda ya zo kasuwa da lasifika yana cewa garinsa na warkar da suga cikin kwana bakwai, kuɗinki yake so. A ƙasashe da dama an sha kama irin waɗannan haɗe-haɗe an zuba musu glibenclamide a ɓoye, kin ga mai shan su tare da ta asibiti ta sha ninki biyu ba ta sani ba. Haka kuma ƙwayoyin ƙara ƙiba da ake ce wa sha-ka-fashe, da wasu haɗin ciwon gaɓoɓi da ake ƙullawa a leda, sau da yawa akwai deksametason a ciki, shi kuwa hawar da suga yake yi sosai.

Abinci ma yana da rabonsa. Ƙwaya ba za ta iya da lemon kwalba kullum, da shayi mai cokali huɗu, da zoɓo mai zaƙi ba. Ba a ce ki bar tuwo ba. A rage malmala, a yawaita miyar ganye da wake, a raba ci sau uku maimakon a tara a yi ci ɗaya mai nauyi da dare.

Azumi da juna biyu

Mai niyyar azumin Ramadan ta je wurin likita tun a Rajab, kamar mako shida zuwa takwas kafin a fara. Zai duba ko jikinta zai iya, ya gyara lokutan sha zuwa buɗa-baki da sahur, wataƙila ya rage na sahur ko ya canza glibenclamide da wata. Kada a yi wannan gyara da ka. In ana cikin azumi aka ji alamun faɗuwar suga, ko awo ya sauka ƙasa da 70, ko ya haura 300, a karya nan take ko da saura kaɗan a sha ruwa. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame, ku tambayi malamanku.

Wadda ke son ɗaukar ciki ta faɗa wa likita tun kafin ta ɗauka, domin suga mai yawa a watannin farko yana cutar da ɗan da ke ciki. Da ta ga batan wata kuma ta garzaya awo da kwalin maganinta. Sau da yawa akan mayar da mai ciki kan insulin. Kada ta daina magani da kanta don tsoron ciki, kada kuma ta ci gaba ba tare da an duba ba. Mai shayarwa ma ta tambaya.

Lissafin wata

To, mu zo ga kuɗi, tunda yawanci a nan igiyar take tsinkewa. Kuɗin wannan magani ba irin na zazzaɓi ba ne da ke zuwa ba zato. An san zai zo kowane wata, kamar kuɗin cefane, don haka ana iya shirya masa. Wadda ke shan ƙwaya sau biyu a rana tana buƙatar 60 a wata, wato kati shida in kowane kati goma ne. Ki tambayi farashin, ki haɗa da kuɗin mota da na awo, ki raba gida huɗu. Abin da ya fito shi za ki ware kowane mako, tun kafin ki yi zubi. In zubin ya ragu saboda haka, ya ragu. Kuma ki sayi sabo tun saura na mako ɗaya, kada ki jira sai katin ƙarshe ya ƙare.

Kada tsadar suna ta ruɗe ki. Glucophage metformin ce, sunan kamfani ne kawai. Wata metformin mai arha, in ƙarfinta ɗaya kuma tana da lambar rajistar NAFDAC, aiki ɗaya suke yi. A saya a asibiti ko kantin magani mai rajista, a duba ranar lalacewa, a guji ta masu tallar magani a faranti da rana ke duka tun safe. Kada a karɓi ƙwaya tsirara a ƙullin leda babu suna.

Cin bashin ƙungiya mai riba don sayen maganin kowane wata ba dabara ba ce. Bashi na sana'a ne, wadda za ta juya kuɗin ta biya. Magani ba ya dawo da kuɗi, wata mai zuwa kuma ga wani sayen ga biyan bashi. Abin da ya fi shi ne ƙungiya ta zauna ta duba dokar asusun taimakon juna: shin ya shafi 'yar ƙungiyar da maganinta ya yanke? In bai shafa ba, ku tattauna ku sa, ku yanke iyakar abin da za a bayar da yadda za a mayar ba tare da riba ba, magatakarda ta rubuta. Ranar rabo kuma, mai wannan ciwo ta fara cire na maganin wata biyu ko uku kafin atamfa, muddin likita bai ce zai canza mata ba kuma ranar lalacewar tana da nisa.

In akwai mutum uku ko huɗu masu sayen magani a gari ɗaya, mutum ɗaya na iya zuwa da takardun kowa, a raba kuɗin mota. Kowace takarda da maganinta a leda daban, da suna a jiki. Wannan na saye ne kawai, ranar ganin likita kowa da ƙafarta za ta je. Wasu ƙungiyoyin kan so su haɗa kuɗi su sayi na'urar awo. Yana da kyau, amma a nemi ma'aikaciyar lafiya ta koya muku, kuma allurar huda yatsa da abin da ake sa ta a ciki kowa da nata, domin ciwon hanta da ƙanjamau suna bi ta jini.

Wadda ta faɗi ciwonta a taro don a taimaka mata, maganar ta tsaya a taron. Sai dai ta zaɓi mutum biyu, ɗaya a gida ɗaya a ƙungiya, ta nuna musu kwalin maganinta, ta gaya musu wace iri take sha da abin da za su yi in sun ga ta fara gumi da rawar jiki. A zama na gaba, duk mai magani a gida ta zo da kwalin, mai karatu a cikinku ta karanta sunan da lambar, kowa ta san ko nata metformin ne ko na gidan da ba a sha sai da abinci a gaba.